Leshin Ziri na Hannu: Na Allura Ko Na Sanduna, Wanne Ya Kamata a Koya?

Leshin da aka saba gani a Kantin Kwari da wuraren biki, ko na Ostiriya ne ko na Suwizalan ko na Sin, inji ne ke zuba masa ado a kan yadi. Leshin ziri daban yake, domin babu yadi a ƙarƙashinsa sam. Siririn ziri ne mai faɗin milimita 4 zuwa 8, yana tafiya yana lanƙwasa yana komowa har ya fitar da fure ko ganye, sannan a cike guraben da ya bari da zare. Da shi ake yin wuyan riga, bakin hannu, bakin mayafi da shimfiɗar tebur.

Hanyoyi biyu ne manya na yin sa. A ta farko sayen zirin ake yi, inji ya riga ya saƙa shi, mutum ya kwantar da shi a kan zane ya cike guraben da allura. Wannan shi ne Battenberg na Amurka, Luxeuil na Faransa, Branscombe na Ingila, da Renascença na arewa maso gabashin Brazil. A ta biyu mutum ne ke saƙa zirin da hannunsa a kan matashi, da 'yan sandunan katako da aka naɗe wa zare, yana saƙa yana lanƙwasawa a lokaci guda. Wannan shi ne leshin Milan na Italiya tun ƙarni na 17, da na Vologda a Rasha, da na Idrija a Sloveniya. Daga nesa kamarsu ɗaya. A hannu kuwa sana'o'i biyu ne, kayan aikinsu daban, wahalarsu daban, kuma inda kowanne ke lalacewa daban. Za mu ɗauki Battenberg a matsayin wakilin na allura, Idrija kuma wakilin na sanduna.

Na allura

Battenberg ya yi tashe a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da masana'antu suka fara fitar da ziri mai araha, kuma wata mai sana'ar leshi a New York, Sara Hadley, tana cikin waɗanda suka yaɗa shi. Sunan na wani gidan sarauta ne na Jamus, wanda ɗansu Henry ya auri Beatrice, autar Sarauniya Victoria, a 1885.

Kayan aikinsa ba su da yawa: ziri, zaren auduga mai sulɓi wanda kaurinsa ya yi daidai da zaren da aka saƙa zirin da shi, allura mai tsini, allura mai dakusasshen baki lamba 24 ko 26, ƙaramin almakashi, da ƙyalle mai tauri wanda aka zana hoton a kansa da tawadar da ba ta zuba. Ƙyallen ya zama mai launi, ruwan hoda ko shuɗi mai haske, don farin zare ya fito a ido. Kafin a yanka ziri, a bi layin zanen da kirtani daga farko har ƙarshe, a auna tsawonsa, a ƙara kashi ɗaya cikin goma. A jiƙa zirin a ruwan ɗumi ya bushe tukuna. Wanda ya tsallake wannan zai ga abin takaici a wankin farko: zirin ya tsuke, cikon bai tsuke ba, aikin ya yi kumburi a tsakiya.

Ana kafa zirin a kan ƙyallen da manyan ɗinki na wucin gadi, da zare mai launi don a gane shi wajen cirewa. Inda layi ya miƙe, ɗinkin ya bi tsakiyar ziri. Inda ya lanƙwasa, ɗinkin ya koma gefen waje, a bar gefen ciki ya yi tsaye yana ɓalli-ɓalli. Bayan an gama kafawa sai a dawo kan wannan gefen na ciki. Wasu zirin suna zuwa da zare mai ɗan kauri a gefensu, a ɗago shi da bakin allura a ja a hankali har gefen ya tattare ya kwanta. Idan babu shi, sai a daje gefen da siririn zare, ɗinki ɗaya a kowace ƙofa ta bakin zirin, ana ja kaɗan-kaɗan. A nan sabon hannu ke yin kuskure iri biyu. Ko ya ja da yawa, ganyen ya ƙanƙance ya dunƙule kamar ƙoƙo, ko ya ja a wuri guda, tattarar ta taru a gefe ɗaya ta bar sauran a sake. Da farcen babban yatsa ake rarraba ta har ta daidaita. Kusurwa mai tsini ba a tattare ta, ninke ta ake yi a kama da ɗinki biyu ko uku. Duk inda ziri ya taɓa ɗan'uwansa ko ya haye shi, a haɗe su da ƙananan ɗinki. Fuskar da ke kallon mai aiki ita ce bayan leshin, saboda haka duk ƙulli da bakin ziri a sama suke zama.

Sai ciko, kuma nan ne daɗin wannan sana'a yake. Ƙa'ida ɗaya ce ba a karya ta: allura ba ta huda ƙyallen zane, zirin kaɗai take kamawa, shi ya sa ake canzawa zuwa mai dakusasshen baki. Tushen yawancin ciko shi ne ɗinkin gidan maɓalli da aka yi a sake, layi bayan layi, kowane madauki yana rataye a jikin na samansa, har ya zama raga. Idan aka yi biyu-biyu a manne ana barin tazara, ragar ta fi ƙarfi da cika ido. Gurbi siriri mai tsawo, kamar tsakiyar ganye, ana cike shi da zare mai kai-komo daga wannan gefe zuwa wancan yana giciye kansa. Gurbi mai faɗi kuma ana miƙa masa gadoji, wato a kai zare can gefe a dawo ana murɗa shi a jikin na farko. Idan gadojin suka haɗu a tsakiya sai a saƙa gizo a mahaɗar, allura tana bi sama da ƙasa tana zagayawa sau huɗu ko biyar. Ƙafafun gizon su zama mara, 5 ko 7 ko 9. Idan suka zama cika, kamar 6 ko 8, allura za ta riƙa hawa kan ƙafafu guda a kowane zagaye, saƙar ba za ta kama ba. In dole ta sa suka zama cika, a tsallake biyu sau ɗaya a kowane zagaye.

Zaren allura kada ya wuce santimita 50. Mai tsawo yana gogewa ya yi gashi ya dushe kafin ya ƙare. Kuma kada a bari ya ƙare a tsakiyar layi, domin babu inda za a ɓoye ƙulli a cikin raga. A duba tun daga bakin ziri, in ba zai kai can gefe ba a canza shi nan take.

A garuruwan Poção da Pesqueira na jihar Pernambuco a Brazil, mata masu yin Renascença na naɗe zanen a jikin matashi mai siffar ganga su ɗora a cinya, hannu biyu su sami sakewa. Dabara ce mai kyau ga duk aikin da ya wuce tafin hannu. Cikonsu ya fi na Battenberg yawa da matsewa nesa ba kusa ba, har zirin ya kusa ɓacewa a ciki, kuma shi ne shaidar iyakar inda allura za ta iya kaiwa.

Idan an kammala, a kifa aikin a kan tawul, a ɗora damshin ƙyalle a goge tun yana jikin zanen, a bari ya huce. Daga nan a yanke ɗinkin wucin gadi ta bayan ƙyallen. Ta gaba almakashi na iya cin zaren ciko.

Na sanduna

Idrija ƙaramin gari ne a yammacin Sloveniya wanda ya rayu a kan ma'adinin zaiba, na biyu a girma a duniya bayan na Almadén a Sifaniya. Matan mahaƙa da 'ya'yansu ne suka riƙe saƙar leshi don ƙarin abin cefane. Rubutu mafi tsufa da ya ambaci sana'ar a garin na 1696 ne, makarantar leshinsu an buɗe ta a 1876 kuma har yau tana koyarwa, sannan a 2018 hukumar UNESCO ta sa saƙar leshin sanduna ta Sloveniya cikin jerin al'adun gado na duniya. Ziri biyu aka san su da shi. Mai faɗi, na sanduna tagwaye bakwai, shi ya yi kasuwa a zamanin daular Ostiriya. Siriri, na tagwaye biyar, ya karɓu bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya lokacin da garin ya koma ƙarƙashin Italiya. Sanduna goma ke nan kacal. Wasu nau'o'in leshin sanduna na Faransa da Beljiyam suna cin ɗaruruwa, don haka mai jin tsoron yawan sanduna ya kwantar da hankalinsa.

Matashin dogo ne mai siffar ganga, ana ɗura masa garin katako a daka shi har ya yi tauri ƙwarai, a ajiye shi cikin kwando don kada ya gangara. Matashi mai laushi ba ya riƙe fil, fil ya karkata, gefen ziri ya fito a karkace. Ana manna zanen a kan kwali mai ƙwari a kafe shi a jikin matashin. Sai fil masu yawa na tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa, siririn kwarashi na milimita 0.5 ko kusa da haka, da zaren auduga ko lilin mai ƙarfin murɗi. Ana naɗe kowace tagwaye daga zare guda, rabi a wannan sanda rabi a waccan, duka ta fuska ɗaya, a ɗaure wuyan kowace da madaukin da zai riƙe zaren amma ya sake shi in an juya sandar. Sandar da aka naɗe a baibai za ta yi ta warwarewa tana zubewa.

Motsi biyu ne kawai a duk sana'ar. A ɗauki sanduna huɗu a jere, a ƙirga daga hagu. Giciye shi ne ta biyu ta haye ta uku. Murɗi shi ne ta biyu ta haye ta ɗaya, ta huɗu ta haye ta uku, a tare. Giciye, murɗi, giciye yana ba da saƙa mai kama da yadi, ita ce jikin ziri. Giciye da murɗi kaɗai yana ba da raga mai shara-shara. A siririn zirin Idrija tagwaye huɗu suna kwance a tsawon hanya, tagwaye ɗaya ita ce mai yawo: ta ratsa su zuwa dama, a murɗa ta sau biyu, a kafa fil, ta zagaye shi ta komo hagu. Ita ke cin zare, ninki uku ko huɗu na sauran, don haka a cika mata sanduna. Bayan kowane layi a ja na kwancen ɗaya bayan ɗaya su miƙe. In aka manta, ziri zai yi ƙofofi da ƙullutu, kuma ba ya gyaruwa daga baya sai an warware.

Inda ziri ya dawo ya taɓa wurin da aka riga aka saƙa, ba a ɗinke shi da allura. A zare fil ɗin wurin, a zura kwarashi cikin madaukin da ya bari, a jawo zare ɗaya na mai yawo ya fito a matsayin madauki, a zura ɗaya sandar a ciki, a ja, a mai da fil. Wannan haɗi shi ne abin da ke ba mai koyo wuya a makonnin farko. Kwarashi mai kauri yana tsaga zare, kuma wanda ya kama madaukin da ba shi ba zai ga furensa ya karkace. Da yake hanyar tana juyawa kowane lokaci, matashin ma juya shi ake yi, sanduna su riƙa fuskantar mai aiki. Fil ɗin da aka wuce a danna su har kai ya kwanta, a rufe da ƙyalle, in ba haka ba zare zai yi ta sarƙewa a kansu. Guraben da suka rage ana cike su da kitson tagwaye biyu, da 'yan ganyayyaki masu siffar ƙwayar alkama da ake saƙawa da zare ɗaya a kan uku. Mutanen Vologda suna ƙara zare mai kauri, wani lokaci mai launi, yana bin tsakiyar zirin, shi ke sa furanninsu su fito raɗau a kan raga.

A ƙasa mai zafi akwai abu biyu da za a kiyaye. Lokacin hunturu iska na busar da lilin har ya riƙa tsinkewa, sai a rufe sandunan da damshin ƙyalle na ɗan lokaci kafin a fara, ko a tsaya ga auduga. Da damina kuma fil na ƙarfe zalla yana tsatsa cikin 'yan kwanaki, kuma tabonsa da wuya yake fita daga farin zare.

Lanƙwasa, inda suka rabu

Duk bambancin ingancin waɗannan biyu a kwana yake. Zirin inji miƙaƙƙe aka saƙa shi, gefensa biyu tsawonsu ɗaya, saboda haka in za a lanƙwasa shi dole gefen ciki ya tattare ko ya ninku. Komai gwanintar hannu, wannan kaurin yana nan, kuma zare ɗaya tak ke riƙe da shi. Ranar da ya tsinke, kwanar ta buɗe. A na sanduna kuwa ana saƙa kwanar ne a lanƙwashe tun asali. Fil ɗin waje suna da yawa, na ciki kaɗan ne. Mai yawo takan koma kan fil ɗin ciki guda sau biyu, ko ta juyo tun ba ta kai gefen ba, ta yi musanya da tagwayen ciki. Da haka zaren waje ya yi doguwar tafiya, na ciki gajeriya, zirin ya kwanta shamfal ba tudu. Shi ya sa na sanduna ke iya yin ƙananan nannaɗe masu matsi waɗanda zirin saye ba zai taɓa yi da kyau ba, kuma shi ya sa ya fi laushi a jikin fata ya fi jure wanki.

Na allura kuma yana da nasa fifikon da ba a raina shi. Ziri ya riga ya ɗauke rabin aikin, don haka babban abu kamar shimfiɗar tebur ko faffaɗan wuyan riga yana yiwuwa tun mutum bai gaji da shi ba. Ana ninke shi a sa a jaka, a ci gaba a duk inda aka zauna, alhali matashi da sanduna sai gida, kuma sai inda yara ba za su kai hannu ba, domin sanduna goma da suka harɗe aikin awa guda ne. Kuskure a ciko ana yanke gurbi ɗaya a sake shi, sauran ba su sani ba. A na sanduna sai an koma da baya motsi-motsi har inda aka ɓata. Sannan ciko a na allura ba shi da iyaka, kowane gurbi da irin nasa.

To, wanne?

Wanda hannunsa ya saba da allura, musamman mai ɗinkin hula ko aikin wuyan babbar riga, ya fara da na allura. Ɗinkin gidan maɓalli da daidaita jan zare ya riga ya iya su, abin da zai koya kawai shi ne yin su a sarari ba tare da yadi a ƙasa ba. Haka ma mai son ya fara sayarwa da wuri, ko mai son manyan kaya.

Amma a tambayi kai tun farko: ina za a riƙa samun zirin? Ba kowane ribon na shagon kayan tela ne zai yi ba. Ana bukatar na auduga, mai laushi, mai ƙofofi ko zaren ja a gefe. Na roba mai sheƙi ba ya tattaruwa, yana zamewa, kuma dutsen guga na narkar da shi. Wanda sai ya yi oda daga waje duk lokacin da zirinsa ya ƙare, sana'arsa tana hannun wani. A ganinmu wannan shi ne babban dalilin da zai sa mai niyyar daɗewa a harkar ya daure wa na sanduna. Kafinta mai injin gurza katako zai fitar da sanduna masu tsawon santimita 10 zuwa 12, tela ya ɗinka rigar matashi, garin katako kuwa ana samunsa a kowane shagon kafinta. Daga nan zare da fil kaɗai za a riƙa saye. Farkonsa ne mai ɗaci: sai an saƙa miƙaƙƙen ziri mai tsawo har gefensa ya daidaita, sannan kwana, sannan haɗi, kafin a taɓa fure. Samun wanda zai nuna motsin hannu ido da ido, ko bidiyo mai kyau a intanet, yana rage wannan wahala sosai, don rubutu kaɗai ba ya koyar da jan zare.

Akwai hanya ta uku ga mai kwarashi wanda bai sami ziri ba kuma bai shirya wa sanduna ba. A Romaniya ana saƙa wata igiya mai faɗi da kwarashi, mai madaukai a gefe biyu, a kafa ta a kan zane a cike da allura kamar Battenberg. Tana lanƙwasa ba tare da tattara ba, kuma ana iya warware ta daga baki don samun zaren haɗi. Sai dai ta fi kauri da nauyi, ta dace da tebur da labule fiye da wuyan riga mai laushi.

Mai saye kuma, ba mai koyo ba, ya juya kayan ya dubi cikin kwana. In ya ga tattara ko ninki a kusurwa, zirin inji ne aka cike da hannu, kuma yawancin shimfiɗun tebur irin wannan da ke kasuwa yau daga Sin suke, da ciko kaɗan da gadoji masu faɗi. Kuɗinsa ya bi yawan cikon da matsewarsa. In ya ga zaren yana bin kwanar sumul, mahaɗai kuma madauki ne cikin madauki ba ɗinki ba, na sanduna ne, kuma tsadarsa tana da dalili. In kuwa kowane fure ya yi daidai da ɗan'uwansa har ƙwayar zare, gadojin kuma suna da gashi-gashi babu murɗi na gaske, aikin inji ne gaba ɗaya.

Ko wanne aka mallaka, wankinsu ɗaya ne. A sa a kwalba mai faɗin baki da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, a girgiza a hankali, a ɗauraye sau uku. Ba a cuɗawa, ba a matsewa, ba a sa bilic ko bula. A naɗe a tawul ya tsotse ruwan, a shimfiɗa a inuwa, a kafe kowane tsini da fil mara tsatsa har ya bushe a siffarsa. In za a ajiye na dogon lokaci kada a sa sitaci, yana jawo ƙwari, kuma a naɗe shi a jikin kwali mai zagaye da aka lulluɓe da farin ƙyalle maimakon a ninke, saboda a kan layin ninki zare ke fara karyewa.